Filin Manoma: Yadda A Ke Zaɓen Matacin Ruwa Don Manyan Kifaye

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya taɓa kiwon kifi a cikin tanki ya san gaskiyar wannan magana. Sau da yawa mutum ya kan kashe kuɗinsa ya gina tankin siminti a bayan gida, ko ya sayi babban akwatin gilashi ya ajiye a kantinsa don sha'awa, ya zuba kifi yana ba su abinci ba ƙaƙƙautawa. Mako biyu ko uku sai ya wayi gari ya tarar kifin sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki, sun ƙi cin abinci, waɗansu sun juya ciki sama. Sai ya ce annoba ce, ko kuwa ya ce an yi masa baki. Galibi kuwa ba ko ɗaya, ruwan ne ya zama guba. To, yau ga bayanin abin da ke ɓata ruwan kifi, da irin matatan da a ke da su, da yadda mutum zai zaɓi wanda ya dace da tankinsa da aljihunsa.

ASALIN ABIN

Ajiye kifi cikin akwatin gilashi a Ingila ya fara bunƙasa. A 1850 wani masanin haɗa magunguna, Robert Warington, ya nuna cewa in an sa tsire-tsire tare da ƙananan kifi a tulun gilashi, ruwan ya kan daɗe bai lalace ba. A 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi a gidan namun daji na London. Yanzu abin ya game duniya, har kifayen kogunanmu, irin su gartsa da yauni da ƙurungu da minjirya, a kan ɗauke su a jirgin sama a kai Turai da Amurka a sayar wa masu sha'awa. A ƙasarmu kuwa an fara gina gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato a 1951, kuma akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, bakin tafkin Kainji, wadda asalinta ya faro daga 1968.

Amma dabarar Warington ta ƙananan kifi ce. Tarwada da ramboshi da bargi, da kifin nan na kogin Amazon da a ke kira oska, wanda ya kan kai tsawon ƙafa guda, duk maciya ne ƙwarai. Suna yayyaga abinci, suna tone ƙasan tanki, suna tumɓuke duk tsiron da aka dasa. Wanda ya ajiye irinsu tilas ya nemi mataci.

ABIN DA KE ƁATA RUWA

Dauɗar kifi iri biyu ce, da wadda ido ke gani da wadda ba ya gani. Ta farko ita ce kashin kifi da ragowar abinci. In aka ba kifi kilo ɗaya na abinci, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ya kan komo cikin ruwa a matsayin kashi. Ta biyu ita ce amoniya, watau abin nan mai yaji a hanci da a ke ji a ɗakin kajin da aka daɗe ba a share ba. Kifi yana fitar da ita ta kunnuwansa, jan abin nan da ya ke numfashi da shi. Ba ta da launi, saboda haka ruwa na iya zama garau kamar na randa alhali yana kashe kifi.

Masana sun auna, kowane kilo ɗaya na abinci mai ƙarfi irin na tarwada yana jawo amoniya gram 30 zuwa 40. Bari mu yi lissafi. Ga tanki mai tsawon mita 2, faɗi mita 2, zurfi mita 1, watau lita 4,000 ke nan. An zuba tarwada 400, kowace ta kai rabin kilo, duka kilo 200. In a kan ba su kashi 2 cikin 100 na nauyinsu kullum, kilo 4 ke nan, amoniya kuwa wajen gram 140. In an raba wannan cikin lita 4,000 sai a sami miligram 35 a kowace lita a yini guda. Yawancin kifin ado miligram 1 ko 2 ma ya isa ya galabaitar da su. Tarwada ta fi su juriya nesa ba kusa ba, amma ita ma sai ta rage cin abinci, girmanta ya tsaya, fatarta ta fara gyambo. Dalili ke nan da ya sa masu kiwonta ke canja ruwa kusan kullum.

Zafin wannan guba yana tafiya da zafin gari da kuma yawan kanwar ruwa, abin da a ke aunawa da ma'aunin pH. In ruwa ya kai digiri 28, ma'aunin yana kan 7, ɓangaren amoniyar da ke kisa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. In ma'aunin ya hau 8, ya kan kai wajen kashi 7. Kun ga hawa ɗaya ya ninka gubar kusan sau goma. Don haka ne sabon tankin siminti ke da haɗari, gama siminti yana sakin farar ƙasa cikin ruwa. A cika shi, a bar shi kwanaki, a zubar, a wanke, a maimaita har ma'aunin ya daina hawa.

AYYUKA UKU NA MATACI

Aiki na farko shi ne kama datti, kamar yadda rariya ke kama tsaki. A kan yi shi da soso, ko yankin katifa, ko raga, ko kuwa durum inda ruwa zai lafa datti ya kwanta a gindi. Amma a lura, dattin da soso ya kama yana nan cikin ruwan, yana ruɓewa yana ƙara amoniya, sai ran da aka cire aka zubar.

Aiki na biyu shi ne kashe guba, kuma ba soso ke yinsa ba, waɗansu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware irinsu a 1890. Su kan manne a jikin dutse ko roba, su yi ɗan yauƙi mai launin ƙasa. Waɗansu su juya amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, tana sa jinin kifi ya yi duhu ya kasa ɗaukar iska. Waɗansu kuma su juya naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da zafi sosai, kuma taki ce ga shuka. Waɗannan ƙwayoyi ma'aikata ne da ba a biya, amma suna da sharaɗi uku: wurin zama, da ruwa mai gudu, da iska. Kowane gram ɗaya na amoniya sai sun sha wajen gram huɗu da rabi na iskar oksijin kafin su gama da shi.

Aiki na uku shi ne cire wari da launi da ragowar magani, da wani gawayi na musamman wanda aka gasa a masana'anta. Wannan ba tilas ba ne. Ba ya cire amoniya, kuma cikin 'yan makonni ya kan ƙoshi ya daina aiki. Gawayin girki kuwa amfaninsa ɗaya ne da na tsakuwa, watau wurin zaman ƙwayoyi.

Tsarin da ya kamata shi ne ruwa ya fara bi ta wurin kama datti, sa'an nan ya shiga gidan ƙwayoyi. In aka juya, datti ya kan binne ƙwayoyin su shaƙe.

IRIN MATATAN DA A KE DA SU

Na ɗaya, na ƙarƙashin tsakuwa. Faranti ne mai huji a shimfiɗe a gindin akwati, an rufe shi da tsakuwa, ruwa na bi ta ciki. Yana da araha, amma araha ba ta ado. Babban kifi zai tone tsakuwar, datti kuma ya taru a ƙarƙashi inda hannu ba ya kai. Mai manyan kifi ya bar shi.

Na biyu, na ratayawa a bakin akwati. Yana da sauƙin wankewa, amma cikinsa ƙarami ne. Ya dace da akwatin lita 100 ko 200 mai ƙananan kifi.

Na uku, na soso, wanda ƙaramin injin hura iska ke tafiyar da shi. Shi kaɗai ba ya isar manyan kifi, amma wutar da ya ke ci ba ta fi ta ƙaramin ƙwan lantarki ba, batir ma na iya riƙe shi dare guda. A ajiye ɗaya ko biyu a cikin akwati don ranar da wuta ta yanke.

Na huɗu, na gwangwani. Rufaffiyar tukunya ce a ƙarƙashin akwati, da mesa biyu, ɗaya ta jawo ruwa ɗaya ta mayar. Kamfanin Eheim na Jamus ya fito da irinsa a farkon shekarun 1960. Ba ya ƙara, ba ya ɓata wuri, yana sa ruwa ya yi garau. Aibinsa biyu ne. Manyan kifi su kan cika shi da datti cikin mako biyu ko uku, buɗe shi kuwa aiki ne, sai mutum ya yi ta ɗaga ranar. Sa'an nan tun da a rufe ya ke, in wuta ta ɗauke na sa'o'i da yawa iskar ciki ta kan ƙare, dattin ya ruɓe ya yi warin ɓataccen ƙwai. Da wuta ta dawo sai ya tura wannan ruwa mai guba cikin kifi. Wanda ya zaɓe shi ya sayi biyu matsakaita maimakon babba ɗaya, ya riƙa wanke su bi da bi, kuma in wuta ta daɗe ba ta dawo ba ya cire su daga soket ya ɗauraye kafin ya kunna.

Na biyar, ƙaramin tanki a ƙarƙashin babba. Ruwa na malalowa ta bututu daga saman babban, ya bi ɗaki-ɗaki, na soso, na duwatsu, sa'an nan famfo ya mayar da shi sama. Girmansa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na babban. A buɗe ya ke, ana ganin datti, a cire soso a wanke cikin minti biyu. Ga akwatin da ya wuce lita 500 ba wanda ya fi shi. Sai dai kada a cika shi maƙil, a bar wurin ruwan da zai gangaro in famfo ya tsaya, kuma a huda ɗan rami a bututun mayarwa kusa da saman ruwa don kada ya zuƙe babban tankin ya malale ɗaki.

Na shida, na yayyafi. A jera akwatunan roba masu huji, irin na kwalaben lemo, ɗaya bisa ɗaya, a cika su da tsakuwa ko gutsattsarin bututun roba ko tsohuwar raga, ruwa ya riƙa zubowa daga sama kamar yayyafi. Mai walda da mai gyaran famfo na unguwa suna iya haɗa shi. Yana ƙara wa ruwa iska, kuma in wuta ta yanke ƙwayoyin ba sa shaƙewa, muddin wurin bai bushe ba. A yi masa rumfa, gama ba sa son rana.

Na bakwai, na 'ya'yan roba masu yawo. Wannan dabara a Norway aka ƙirƙiro ta wajen ƙarshen shekarun 1980 don tace ruwan ƙazantar gari. 'Yan ƙananan robobi ne kamar yankakkiyar taliya, a zuba su rabin tanki, a hura iska daga ƙasa su yi ta juyawa. Ba sa toshewa, ba a wanke su. Amma suna son iska dare da rana, don haka sai mai sola ko tsayayyar wuta.

YADDA A KE LISSAFI

Mai akwatin gilashi ya fara auna ruwansa. Akwati mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 60, yana cin lita 648. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, watau ruwan kaɗai ya fi buhu goma sha biyu na siminti nauyi, saboda haka a duba teburin da za a ɗora shi. Ga manyan kifi masu dauɗa, a kan so duk ruwan akwati ya bi ta mataci sau 6 zuwa 10 a sa'a guda. Wannan akwati yana buƙatar aƙalla lita 4,000 a sa'a. Kada a yarda da lambar da ke jikin kwali yadda ta ke, gama an auna ta ne famfo ba ya hawa tudu, soso kuma babu datti. In an haɗa, sau da yawa kashi ɗaya cikin uku ko rabi ya kan ragu. A sayi wanda ya fi.

Mai tankin kiwo kuwa da abinci zai yi lissafi, ba da yawan ruwa ba. Kowane kilo ɗaya da a ke bayarwa a yini yana buƙatar wajen lita 200 na 'ya'yan roba, watau cikin durum guda, a cikin tankin da ya ninka haka. In tsakuwa ce, sai ninki huɗu ko biyar. A yi lissafin da abincin watan ƙarshe, lokacin da kifi suka girma, ba na watan farko ba. Tankin nan namu mai kilo 4 yana son durum huɗu na roba, da durum mai tsukakken gindi inda ruwa zai shiga ta gefe ya yi kewaye datti ya kwanta, a buɗe makunnin gindi safe da yamma a zubar.

A nan ya kamata manomi ya yi wa kansa tambaya tsakani da Allah. In yana da rijiyar burtsatse mai ruwa sosai da lambu kusa, canja ruwa ya fi masa arha. Ya ja ruwan kifin zuwa fangalin alayyafo da tumatir da albasa, ya sami taki kyauta. Mataci na wanda ruwa ke yi wa wuya ne, kamar mai sayen ruwan tanka ko na 'yan garuwa, da wanda rijiyarsa ke ja baya da bazara, da mai ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, da wanda ke cikin gari inda ruwan kifi ke kwarara a lungu yana haɗa shi faɗa da maƙwabta. Wanda ba shi da tabbacin wuta kuwa, kada ya cika tanki da kifi yana dogara ga famfo. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

SABON MATACI BA YA AIKI RAN FARKO

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe kifi. Ƙwayoyin nan ba sa haihuwa da sauri, su kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su cika gidansu. A cikin wannan lokaci amoniya ta kan hau ta sauka, sa'an nan naitirait ta hau ta sauka. A fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako. In akwai maƙwabci mai tsohon mataci da lafiyayyun kifi, a roƙi ɗan sosonsa ko tsakuwarsa a kawo a jiƙe, kamar yadda a ke ɗiban tsohon nono a zuba cikin madara don ta yi barci. Wannan ya kan rage kwanakin ƙwarai. In naitirait ta hau, gishirin girki gram 1 a kowace lita ya kan kare kifi kafin ta sauka.

A sayi kwalaben gwajin ruwa na amoniya da naitirait da pH. A kan ɗiga su cikin ɗan ruwa a gwada launin da na kati.  A akwatin gilashi, amoniya da naitirait su kasance babu ko kaɗan.

KULAWA

Kada a wanke gidan ƙwayoyi da sabulu ko ruwan famfo, gama sinadarin kulorin da a ke sa wa ruwan sha yana kashe su. A ɗebi ruwan tankin cikin bokiti a girgiza su a hankali. Akawun da ya wanke matacinsa fes ran Asabar don tsabta, ya kori ma'aikatansa ne bai sani ba. Soson kama datti ne kaɗai a ke wankewa sosai, shi kuwa kullum ko bayan kwana biyu.

Mataci ba ya hana canja ruwa, ragewa ya ke yi. Naitiret tana taruwa, don haka mai akwatin gilashi ya zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabi kowane mako, yana bin gindi da mesa. Ruwan famfo a sa masa maganin kashe kulorin, ko a bar shi a buɗe ya kwana ana hura masa iska. Ruwan burtsatse ba shi da iska sosai, a watsa shi daga sama kafin ya shiga.

Aikin ƙwayoyin yana sa ruwa tsami sannu a hankali. In ma'aunin ya sauka ƙasa da 6 da rabi su kan yi sanyi. A ɗaure ɓawon kawa ko dakakken dutsen farar ƙasa, irin wanda a ke sa wa kaji a abinci, cikin raga a jefa a mataci, zai riƙa narkewa daidai bukata.

A kula da lokaci kuma. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin wajen miligram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Da bazara ga iska kaɗan ga guba da zafi, sai a ƙara hura iska a yi rumfa. Tarwada da gaiwa suna iya ɗago kai su shaƙi iskar sama, amma karfasa da ƙwayoyin mataci ba su da wannan baiwa. Da hunturu kifi ba sa ci sosai, ƙwayoyin ma su kan yi kasala, sai a rage abinci. Ran da wuta ta yanke kuwa, abu na farko a daina ba da abinci. Babban kifi ya kan yi kwana uku bai ci ba lafiya lau, amma ba ya kwana cikin guba.

To, jama'a, kafin a sayi kifi a tanadi mataci, kafin a sayi mataci a auna abinci da ruwa da wutar da a ke da su. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a cikin kiwo, amin.